Gasar Gay Games a Hong Kong: tambayoyi da amsoshi kan birnin da ya ci takara ya rasa filin wasa

A watan Nuwamba na 2023 aka yi gasar Gay Games a Hong Kong, karo na farko da ta sauka a nahiyar Asiya. Tsakanin ranar da birnin ya ci takara da ranar da aka buɗe wasanni shekara 6 ce, kuma a cikinsu aka yi zanga-zanga, aka kafa sabuwar dokar tsaro, annobar korona ta rufe iyakoki, aka yi cacar baki a zauren majalisa. Masu bin labarin wasanni da siyasar duniya suna yawan maimaita wasu tambayoyi a kan lamarin, shi ya sa aka tattara su a nan. Matsayin addini da al'adar mafi yawan masu karatu kan neman jinsi ɗaya sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa ba. Abin da ake bayani shi ne yadda birni ke neman irin wannan gasa, wa ke biya, wa ke ba da fili, da abin da ke biyo baya idan hukuma ta ƙi cewa e kuma ta ƙi cewa a'a.

Wace irin gasa ce Gay Games, kuma wa ya ƙirƙiro ta?

Gasa ce ta wasanni iri-iri da ake yi duk bayan shekara 4, wadda 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo suka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 1982. Jagoran tafiyar shi ne Dakta Tom Waddell, likita kuma ɗan wasa, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko. Ya zo na shida a gasar nan mai haɗa wasanni goma na gudu da tsalle da jifa. Mutum kimanin 1,350 ne suka shiga ta farko.

Da farko sunan da suka raɗa mata yana ɗauke da kalmar Olamfik. Kwamitin Olamfik na Amurka ya garzaya kotu, yana dogaro da dokar 1978 da ta mallaka masa kalmar, ya kuma samu umarnin hana su amfani da ita ana saura ƙasa da mako uku a buɗe gasar. Dole aka bi takardu da alluna ana goge sunan. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta ba kwamitin gaskiya a watan Yunin 1987. Waddell ya rasu da cutar ƙanjamau makonni kaɗan bayan hukuncin.

Daga San Francisco, inda aka yi ta sau biyu, gasar ta je Vancouver a 1990, New York a 1994, Amsterdam a 1998, Sydney a 2002, Chicago a 2006, Cologne a 2010, Cleveland da Akron a 2014, sai Paris a 2018. Duk wanda ya dubi jerin zai ga cewa ba ta taɓa fita daga Arewacin Amurka da Turai da Ostireliya ba kafin Hong Kong.

Sai masu neman jinsi ɗaya kaɗai ke shiga?

A'a. Duk baligi na iya yin rajista, kuma ba a tambayar kowa yadda yake rayuwarsa. Ba a kuma yin wasan share fage na neman cancanta kamar yadda ake yi a Olamfik. Wanda ya fara iyo bara da wanda ya taɓa wakiltar ƙasarsa duk suna iya shiga, ana raba su bisa shekaru da gwaninta, har akan ga 'yan shekara 70 da 80 a filin tsere. Kowa shi ke biyan kuɗin rajistarsa da jirginsa da masaukinsa, in ban da 'yan kaɗan da ake ba tallafi. Wannan batu na kuɗin rajista shi ne ginshiƙin kasafin gasar, kuma za a ga tasirinsa a amsar tambayar riba da asara.

Ta yaya birni ke samun damar karɓar baƙunci? Gwamnati ce ke nema?

A nan ne babban bambancin yake. A Olamfik ko gasar ƙasashen rainon Ingila, hukuma ce ke gaba, ita ke sa hannu, ita ke lamunin kuɗi. A Gay Games kuwa mazauna birnin ne ke kafa ƙungiya mai zaman kanta, galibinsu masu aikin sa-kai da ke da sana'o'insu, su rubuta kundin takara su miƙa wa uwar ƙungiya, wato Federation of Gay Games, wadda aka kafa a 1989.

Kundin yakan bayyana filin da za a yi kowane wasa, yawan ɗakunan otal, hanyoyin sufuri, tsaro, kasafin kuɗi, da wasiƙun goyon baya daga hukumomi da kamfanoni. Uwar ƙungiya takan tace masu nema zuwa uku, ta tura wakilai su je su ga filayen da idonsu, sannan a kaɗa ƙuri'a a babban taronta kimanin shekara 5 kafin gasar. Wanda ya ci yakan biya kuɗin lasisi, kuma riba ko asara a wuyansa take.

To amma manyan filayen wasa da wuraren iyo da titunan da za a rufe don tsere, kusan ko'ina a duniya a hannun hukuma suke. Ke nan ƙungiyar na iya cin takara da ƙarfinta, amma ba za ta iya cika alkawarin da ta ɗauka ba sai hukuma ta buɗe mata ƙofa. Labarin Hong Kong kacokan a kan wannan giɓin ya ta'allaƙa.

Me birni ke samu? Ana cin riba ko asara ake yi?

Birnin kan samu, ƙungiyar da ta shirya kuwa sau da yawa ita ke kwana a ciki. Baƙo 10,000 da ya zo da kuɗin aljihunsa ya yi mako guda yana kwana a otal yana cin abinci a waje, ciniki ne babba. Bayan gasar Cleveland da Akron ta 2014 an ƙiyasta cewa yankin ya samu shigar kuɗi ta kusan dala miliyan 52. Wannan ne ya sa hukumomin yawon buɗe ido na birane da dama ke mara wa takarar baya ko da shugabanninsu ba su damu da aƙidar gasar ba.

Ta ɓangaren masu shiryawa kuwa, Amsterdam ta faɗa ramin bashi a 1998 sai da hukumar birnin ta kawo ɗauki, Sydney ma ta gama da bashi a 2002. Chicago ta fita ba riba ba asara, Cleveland ta samu ɗan rara saboda wata gidauniyar birnin da kamfanoni sun tsaya mata tun da wuri. Darasin da masu harkar suka ɗauka shi ne a yi kasafi bisa mutanen da aka tabbatar za su zo, ba bisa waɗanda ake fata ba.

Yaya aka yi Hong Kong ta ci takara?

Wani ɗan ƙasar Holan mazaunin birnin, Dennis Philipse, shi ya tara abokan tafiya suka shiga takarar. Birane fiye da goma ne suka nuna sha'awa, aka tace su zuwa uku: Hong Kong, Washington babban birnin Amurka, da Guadalajara ta Meziko. A ranar 30 ga Oktoba, 2017, a Paris, ƙuri'a ta faɗa wa Hong Kong.

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Fiye da rabin mutanen duniya a Asiya suke, gasar ba ta taɓa zuwa can ba, kuma ɗan Indiya ko Filifin ko Tailan da ba zai iya biyan jirgin Amurka ba, ko ba zai samu bizarta ba, zai iya isa Hong Kong cikin 'yan sa'o'i. 'Yan ƙasashe da yawa ba sa buƙatar biza don shiga birnin. Ga babban filin jirgi, ga jirgin ƙasa da ke ratsa gari, ga otal-otal. Sun yi hasashen 'yan wasa 12,000 a wasanni 36, 'yan kallo 75,000, da shigar kuɗi ta dalar Hong Kong biliyan ɗaya. A wancan lokacin ba wanda ya ɗauki alƙaluman a matsayin mafarki, domin Paris ta tara sama da mutum 10,000 a shekarar da ta biyo baya.

Dokar Hong Kong ta yarda da irin wannan taro?

Ta yarda. Tun 1991, lokacin birnin yana ƙarƙashin Ingila, aka daina hukunta mu'amala tsakanin baligai maza masu jinsi ɗaya. Bayan da aka mayar da shi hannun ƙasar Sin a 1997 bisa tsarin ƙasa ɗaya mai tsari biyu, ya ci gaba da kotunansa da dokokinsa. Sai dai ba a ɗaura auren jinsi a Hong Kong, kuma babu dokar da ta hana a nuna wa mutum wariya a wurin aiki ko gidan haya saboda wannan.

Bayan wannan, haƙƙoƙin da masu neman jinsi ɗaya suka samu a kotu suka same su, ɗaya bayan ɗaya. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ƙarshe ta ce a ba abokiyar zaman wata ma'aikaciya bizar zama. A 2019 ta ba wani ma'aikacin gwamnati gaskiya kan alawus da harajin ma'aurata. A watan Satumban 2023, saura wata biyu a fara gasar, ta umarci gwamnati ta samar da wani tsari na amincewa da zaman irin waɗannan mutane cikin shekara 2, ko da ba aure ba ne. Wanda ya shigar da wannan ƙarar, Jimmy Sham, yana tsare a lokacin bisa tuhumar dokar tsaron ƙasa, saboda siyasarsa ta neman dimokuraɗiyya. Ƙudurin da gwamnati ta kai majalisa don cika umarnin, 'yan majalisa sun yi watsi da shi a Satumban 2025.

Me ya sa aka ɗage gasar zuwa 2023, aka kuma raba ta da Guadalajara?

Korona ce dalilin da aka bayar, kuma dalili ne na gaske. Hong Kong na cikin wuraren da suka fi tsananta matakai a duniya. An kai lokacin da duk mai shigowa sai an killace shi kwana 21 a ɗakin otal da kuɗinsa. Ba ɗan wasan da zai ɗauki hutun mako guda daga aiki ya yarda da haka. A Satumban 2021 aka sanar da ɗage gasar daga Nuwamban 2022 zuwa Nuwamban 2023.

Da aka shiga 2022 ba alamar sassauci, sai Philipse ya sauka daga shugabanci a watan Fabrairu, kuma a lokacin ne aka sanar cewa Guadalajara za ta zama mai masauki ta biyu. Ba a taɓa raba gasar tsakanin nahiyoyi biyu ba sai wannan karon. Guadalajara na da filayen da ta gada daga gasar ƙasashen nahiyar Amurka ta 2011, kuma hukumomin jihar Jalisco sun buɗe mata su.

Rabon ya ceci gasar, amma ya yanke wa Hong Kong ƙauna daga babbar kasuwarta. Mafi yawan masu zuwa Gay Games daga Amurka da Kanada da Turai suke fitowa, kuma ga ɗan California ko Texas, Meziko maƙwabciya ce. Ko da Hong Kong ta soke killacewar otal a Satumban 2022, ta kuma ɗage dokar takunkumin fuska a Maris na 2023, mutane da yawa sun riga sun yanke shawarar inda za su.

Gwamnatin Hong Kong ta goyi baya ne ko ta hana?

Ba ta yi ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi wahalar da masu shiryawa. Da aka ci takara a 2017, abin da gwamnati ta iya cewa shi ne ta lura da sakamakon. Hukumar yawon buɗe ido da hukumar tabbatar da daidaito sun amince a sa sunansu cikin masu goyon baya, amma baitulmali bai ba da kuɗin ɗaukar nauyi ba.

Maganar fili ta fi ta kuɗi ciwo. Hong Kong gari ne matsattse, ƙasa tana da tsada, kuma yawancin filaye da wuraren iyo suna hannun sashen gwamnati mai kula da nishaɗi da al'adu. Ƙungiyoyin wasa da hukuma ta amince da su ne ke da fifikon kama fili tun da nisa. Masu shirya Gay Games ba sa cikin wannan sahun, sai aka ce su bi layi kamar kowa. Wanda ya gayyato mutum 12,000 daga ƙasashen duniya yana buƙatar ya san filinsa shekara biyu ko uku kafin lokaci, don ya buɗe rajista, mutane su sayi tikitin jirgi. Ba zai iya jira sai saura 'yan watanni ba. Abin ya yi kama da maigida ya ce wa ɗan haya bai hana shi taron suna ba, amma tsakar gida da tabarmi ba za su samu ba.

A ƙarshe wurin gwamnati guda ɗaya suka samu, zauren wasanni na Sarauniya Elizabeth da ke unguwar Wan Chai, mai kujeru kimanin 3,500, alhali a garin akwai babban filin da ke cin mutum 40,000. Sauran wasannin sai aka watsa su a kulob-kulob masu zaman kansu da makarantu da jami'o'i. A kwatanta da Paris, inda magajiyar gari Anne Hidalgo ta tsaya da kanta, aka yi bikin buɗewa a filin Jean-Bouin. Ni dai ina ganin gwamnatin Hong Kong ba ta kyauta ba. Hukumar da ke tallata birninta a matsayin na duniya, tana son sunan da kuɗin baƙi, bai kamata ta bar 'yan ƙasarta masu aikin sa-kai suna bin ofis-ofis shekara 6 ba tare da amsa bayyananniya ba. Da ta faɗi matsayinta tun farko, ko wanne ne, da kowa ya san inda ya dosa.

Su wa suka yi adawa da gasar, kuma me suka ce?

Adawar ta fito daga ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna.

Ɓangare na farko 'yan majalisa ne masu ra'ayin riƙau da ƙungiyoyin addini da na iyaye. A watan Yunin 2021, lokacin da aka tayar da maganar filaye a majalisa, Junius Ho ya kira gasar abin kunya, ya ce kuɗin da za ta kawo ƙazamin kuɗi ne. Priscilla Leung ma ta ce za ta raba kan jama'a. Shugabar gwamnati ta lokacin, Carrie Lam, ta nesanta kanta daga irin waɗannan kalamai. Mutum na da damar ƙin gasar bisa addininsa ko tarbiyyarsa, amma kiran taron maƙwabtansa abin kunya mai ƙazamin kuɗi a zauren majalisa cin mutunci ne, kuma bai ƙara wa hujjarsa komai ba. Ana saura kwanaki a buɗe gasar, Ho da wasu 'yan majalisa suka sake fitowa da sabuwar hujja, cewa tana iya zama barazana ga tsaron ƙasa. A Hong Kong ta yau wannan ba ƙaramar tuhuma ba ce, kamar yadda amsar da ke tafe ta nuna.

Ɓangare na biyu kuwa masu fafutukar haƙƙin ɗan Adam ne 'yan Hong Kong, waɗanda su kansu suna goyon bayan masu neman jinsi ɗaya. A watan Yunin 2023 biyar daga cikinsu suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a soke gasar. Hujjarsu ita ce za a yi amfani da ita a wanke gwamnatin da ta ɗaure 'yan adawa, a nuna wa duniya komai lafiya. Abin da ya ƙara musu ƙarfi shi ne babbar mai kare gasar a cikin hukuma ita ce Regina Ip, tsohuwar sakatariyar tsaro kuma jagorar majalisar zartarwa, wadda ke goyon bayan dokar tsaron ɗari bisa ɗari. Ita ce ta yi jawabi a bikin buɗewa.

Mece ce wannan dokar tsaro, kuma me ya sa tawagar Taiwan ta ƙi zuwa?

Bayan zanga-zangar 2019, hukumomin Beijin suka kafa wa Hong Kong dokar tsaron ƙasa a ranar 30 ga Yuni, 2020. Ta haramta neman ɓallewa, yi wa gwamnati zagon ƙasa, ta'addanci, da haɗa baki da ƙasashen waje, kuma hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ta kuma ce tana hawa kan wanda ba ɗan Hong Kong ba, ko da a wata ƙasa ya yi abin.

Taiwan ce ta fara halatta auren jinsi a Asiya, a 2019, kuma daga can aka sa ran samun ɗaya daga cikin manyan tawagogi. Amma Sin tana ɗaukar tsibirin a matsayin yankinta. Ɗan wasan da ya ci lambar yabo ya ɗaga tutar Taiwan cikin murna, wa zai lamunce masa cewa ba za a kira shi ɗan aware ba? Tun 2021 ƙungiyar da ke haɗa tawagar ta ce ba za ta kai mutanenta Hong Kong ba, daga baya ta nufi Guadalajara. Masu shiryawa da kansu sun ja kunnen baƙi su kiyaye dokokin gari, gwamnati kuma ta yi gargaɗin a yi komai bisa doka da oda.

Daga cikin ƙasar Sin ma ba a samu yadda aka zata ba. An daina bikin shekara-shekara da masu neman jinsi ɗaya ke yi a Shanghai tun 2020, kuma cibiyarsu da ke Beijin ta rufe a Mayun 2023, don haka ƙungiyoyin da za su tara mutane sun riga sun yi sanyi.

To yaya gasar ta kasance da aka zo yinta?

An yi ta daga 3 zuwa 11 ga Nuwamba, 2023, ƙarƙashin shugabancin Lisa Lam da Alan Lang, kuma an gama lafiya. Mutum sama da 2,300 ne suka shiga a Hong Kong, daga ƙasashe da yankuna fiye da 40. Wasanni sun ragu daga 36 zuwa 18. An soke guje-guje da tsalle-tsalle, hoki, da ƙwallon zari-ruga. Gasa irin wannan ba tare da filin tsere ba, kuma wanda ya kafa ta ɗan tsere ne, babban rashi ne.

Abin da ya fi armashi shi ne wasannin da garin ya kawo daga gida. Akwai tseren kwale-kwalen dodo, dogon jirgi siriri mai sassaƙaƙƙen kai a gaba, mutum 20 zaune bibbiyu suna tuƙi, makaɗi a goshin jirgin yana fuskantarsu yana buga ganga, mai riƙe da akala a baya. Duk bugu ɗaya, filafilai 20 su nutse tare, wanda ya saɓa kiɗa ya ja wa jirgin baya. Akwai majon, wasan da mutum huɗu ke yi a tebur da ƙananan tubala masu zane, wanda ƙarar cakuɗa su sananniya ce a gidajen birnin. Akwai kuma tseren kan duwatsu, domin duk da dogayen benayen da aka san Hong Kong da su, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasarta gandun daji ne da tsaunuka.

Nasara za a kira ta ko faɗuwa?

Idan da alƙaluma za a auna, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yi alkawari ba, kuma ko an haɗa da na Guadalajara jimillar ba ta wuce kusan rabin ta Paris ba. Maganar dala biliyan ɗaya ta bi ruwa.

Amma kada a manta su wa suka yi aikin. Mutane ne masu tashi daga ofis da yamma su zauna taro har dare, ba albashi, ba fili, ana zaginsu ta dama ana zarginsu ta hagu. Sun rasa shugaba a tsakiyar tafiya, an raba musu gasa biyu, duk da haka sun buɗe ta a ranar da suka faɗa, kuma mutanen Asiya da ba su taɓa halarta ba sun halarta. Masu cewa an yi amfani da gasar wajen gyara wa gwamnati suna ma ba su yi ƙarya ba, tunda an yi bikin ne alhali mutumin da ya ci shari'ar da ake murna da ita yana tsare. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina ganin laifin gazawar ya fi rataya a wuyan masu riƙe da makullin filaye fiye da masu neman aronsu.

An taɓa samun irin wannan tangarɗa a wasu birane?

Sau da dama. Montreal ta Kanada ce ta ci takarar 2006, amma ta saɓa da uwar ƙungiya kan girman gasar da wanda zai riƙe ragamar kuɗi. Tattaunawa ta rushe a 2003, aka mayar da gasar Chicago, Montreal kuma ta shirya kishiya mai suna Outgames a shekarar 2006 ɗin. Ta gama da bashin miliyoyin dalar Kanada, 'yan kwangila da yawa ba a biya su ba. Kishiyar ta je Copenhagen a 2009 da Antwerp a 2013, sannan ta mutu mummunar mutuwa a Miami a 2017, inda aka soke kusan dukkan wasanni a ranar da za a fara, bayan 'yan wasa sun riga sun sauka daga jirgi.

Valencia ta Sifaniya ta nuna wata fuskar. Ta ci takarar 2026 a 2021, ta doke Munich da Guadalajara, lokacin masu ra'ayin sauyi ne ke mulkin birnin. Zaɓen 2023 ya kawo jam'iyyun masu ra'ayin riƙau, PP da ƙawarta Vox, kuma a 2024 ƙungiyoyin gida da suka kawo gasar suka janye, suna cewa hukuma ta ƙwace musu ragama. A Hong Kong hukuma ta ja baya ta bar masu shiryawa su kaɗai, a Valencia kuwa kukan shi ne ta shigo ta mamaye.

Maganar biza fa? Ta taɓa zama matsala?

Ta taɓa, kuma a Amurka ce. Shekaru da yawa dokar ƙasar ta hana mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau shiga. Don a iya yin gasar New York a 1994 sai da ministar shari'a Janet Reno ta ba da sassauci na 'yan kwanaki, aka sake neman irinsa don Chicago a 2006. Sai a farkon 2010 aka soke haramcin baki ɗaya. Wannan ma misali ne na abin da aka faɗa a amsar yadda ake takara: akwai abubuwan da ƙungiya ba ta da iko da su komai ƙoƙarinta.

Akwai birnin Afirka da ya taɓa nema? Ina gasar za ta je nan gaba?

Afirka ta Kudu ce kaɗai ta taɓa shiga takarar da gaske, domin tsarin mulkinta na 1996 ya hana wariya kan wannan batu, kuma ta halatta auren jinsi a 2006. Johannesburg ta nemi gasar 2010 tare da Paris, Cologne ta doke su. Cape Town ta shiga jerin masu neman ta 2030, ba ta kai zagayen ƙarshe ba. A ƙasashen Afirka da dama doka ce ma ta rufe ƙofar. A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar masu yi, don haka ko kwamitin takara ba zai kafu ba.

Ta 2026 Valencia aka ba, kamar yadda aka yi bayani a amsar tangarɗar wasu birane. Ta 2030 kuma birnin Perth na Ostireliya ne ya ci, karo na biyu ke nan da gasar za ta je ƙasar bayan Sydney.